Takun Hansatu

Na san abin da aka faɗa muku kuna ƙanana. An ce uwarku ta sayar wa 'yan fim rawa, an ce ta ɗauko matar aure daga Mai'adua ta tsayar da ita gaban maza. Kai Aminu har dambe ka yi a kan maganar nan a ƙofar Islamiyya, ka dawo da yagaggiyar riga, na tambaye ka ka ce faɗuwa ka yi. Na san ƙarya kake, kai ma ka san na sani, muka bar zancen a haka. Ban taɓa zaunar da ku na ba ku labarin ba, domin ni matsoraciya ce, kuma wannan ba sabon abu ba ne a wurinku. Kun sha yi mini dariya idan na koma duba ƙofa sau uku bayan na rufe ta da hannuna. Yanzu ido ya fara rauni, gara in rubuta tun ina ganin layin takarda.

A lokacin ina koyarwa a wata firamare ta 'yan mata a nan cikin Daura. Duk shekara idan ranar raba kyaututtuka ta matso, ni ake ɗora wa shirya abin da yara za su nuna wa iyayensu mata. Wata shekara na rubuta ɗan wasan kwaikwayo na sa masa suna Layin Guga. Labarin mata ne a bakin rijiya, kowa na cewa ita ta riga zuwa, ana musu ana habaici, irin wanda na tashi ina ji idan an aike mu wajen rijiyar Kusugu. A ƙarshe sai su shirya, su ja guga tare, jan gugar nan ya zama rawa. Yara goma sha ɗaya na zaɓa. Akwai kuma wata yarinya a ajin, Hansatu, wadda shan inna ya taɓa wa ƙafar hagu tun tana ƙarama. Ban zaɓe ta ba, ban ma yi tunaninta ba. Kullum muna gwaji tana zaune a bakin taga tana kallo. Ran nan na koma aji ɗaukar alli, na iske ta ita kaɗai a bayan allo tana gwada takun, tana rera waƙar a hankali. Da ta gan ni ta daskare, ni kuma kunya ta kama ni fiye da yadda ta kama ta.

Washegari na sa ta a layi. Ba a yi taku biyar ba yaran suka fashe da dariya, domin duk sanda suka miƙe ita sai ta karkata. Na tsawata musu, amma tsawa ba ta gyara layi. Na kwana biyu abin yana damuna. Sai na fara zama a baranda lokacin tashi ina kallon yadda take tafiya zuwa gida. Takan taka dama sosai, sannan ta jawo hagu a ƙasa, kafaɗarta ta bi ƙafar ta sauka, ta sake ɗagowa. Ina kallo sai na ga ai haka jikin mace yake yi idan tana jan guga mai nauyi daga rijiya mai zurfi. Na rushe duk abin da na tsara, na sake gina rawar a kan tafiyarta. Mako uku muka yi sauran sha ɗayan suna koyon abin da ita take yi ba tare da ta koya ba. Ranar taron, su goma sha biyu suka fito da gammo da igiya, suka taka dama, suka ja hagu, kafaɗu suka sauka tare. Wata maƙwabciyar su Hansatu da ke zaune kusa da ni ta yi ta leƙe tana tambaya wai ina 'yar gurguwar nan, ko ba a sa ta ba.

Duk wannan na rubuta shi a wani littafin rubutu mai bango kore: maganganun wasan, waƙar, da zanen takun. Da shuɗin biro nake zana ƙafar dama, da ja nake zana hagu. Mata ne zalla a wurin taron, amma shugabar makaranta ta ɗauko mai ɗaukar bidiyo don a ajiye tarihi. Ban kawo komai a raina ba game da kaset ɗin nan.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a ina cikin masu murna, kuma har gobe ban janye ba. Sai dai kowa ya san yadda gari ya zama a watannin farko. Duk lasifikar da ka wuce maganar kiɗa da rawa take, makaɗa suka rataye ganguna, a gidan biki ma mata suna rage murya. Ina so ku rubuta wannan a zukatanku: ba wanda ya zo ya ce mini in ƙona komai. Ba malami, ba hukuma, ba mahaifinku. Wata mata ce kawai a gidan suna ta dafa ni tana dariya ta ce, Malama mai rawa, ke ma sai ki shiga taitayinki. Maganar nan ta bi ni har gida ta kwana da ni. Da safe ina dafa wake, na ɗauko littafin nan na fara yaga ina turawa ƙarƙashin tukunya. Kakarku Hajiya, mahaifiyar babanku, tana zaune a tabarma tana tsince zogale.

"Me kike ƙonawa haka, Rabi?"

"Tsofaffin takardun makaranta ne, Hajiya."

"Kin dai duba ko? Kada ki sa sunan Allah a murhun girki."

Na duba. Shafin farko na buɗe shi da Bisimilla, kamar yadda nake buɗe kowane littafi. Na yage shi shi kaɗai, na ninke, na cusa a cikin jakar Alƙur'anina. Sauran suka ci wuta, waken ya dahu, muka ci da rana.

An ɗauki shekaru. Yaran sun gama, yawancinsu sun yi aure. Hansatu ta auri wani mai sayar da hatsi a Mai'adua, mutumin kirki a bakin kowa, mai tsanani a gidansa. Wata Asabar da hantsi aka yi sallama da mahaifinku. Baƙo ne daga Kano, Alhaji Sabo, furodusan fim. Ya zo da leda cike da lemo da burodi, ya durƙusa ya gaida Hajiya, ya ce ya zo ne ya yi godiya ga Malama. Ashe tsohon kaset ɗin makarantarmu ya bi hannu zuwa hannu daga shagon mai bidiyo har ya isa gare shi. Rawar ta burge shi, ya sa ta a sabon fim ɗinsa. Ya ce shi ba ya cin haƙƙin mutane, don haka ya yi ta cigiya har ya gano wadda ta tsara ta. Ya buɗe fosta ya shimfiɗa a gabanmu yana murmushi. A ƙasa, kusa da hoton wani saurayi da wata budurwa ba mayafi, an rubuta da manyan baƙi: Tsara rawa, Malama Rabi, Daura.

Mahaifinku na'ibin limamin masallacin unguwarmu ne a lokacin, ke Sadiya kuma ana maganar aurenki. Fostar nan za a manna ta a kowane shagon kaset daga bakin tasha har kasuwa. Aka aro bidiyo daga gidan kawunku, Alhaji Sabo ya sa kaset ɗin ya kai wurin rawar. Maza shida, mata shida, suna fuskantar juna. Suka taka dama, suka ja hagu. Amma kafaɗar da ke sauka a rawata ta koma ƙugu. A tsakiyarsu kuma an sa wani ɗan barkwanci yana yin takun da gangan fiye da kima, yana jefa ƙafa yana murguɗa baki, sauran suna nuna shi suna dariya. Dariyar nan na san ta. Ita ce na ji a ajina ranar da na fara sa Hansatu a layi.

"Alhaji," na ce, "don Allah ka cire wannan."

"Sunan, Malama? Ai girmamawa ce."

"Sunan da rawar duka."

Fuskarsa ta canza, amma bai bar ladabi ba. Ya ce rawar ita ce zuciyar fim ɗin, saura mako biyu ya shiga kasuwa. Sannan ya faɗi maganar da ta hana ni sukuni kwana goma sha biyu.

"Malama, abin biyu ne. Idan rawar nan taki ce, sunanki ya cancanci zama a kai. Idan kuma gaɗa ce irin ta kowa da kowa, kika ɗauko kika koya wa yara, to sai ki sa mini hannu a takarda cewa ba taki ba ce. In cire sunanki yau ɗin nan, kowa ya huta. Amma ki ce in zubar da aikina, sai kin nuna mini shaidar mallaka."

Ya bar takardar a kan tabarma, layi uku ce kacal, ya tafi.

Gidan ya rabu. Mahaifinku ya ce ai Allah ne ya kawo sauƙi, in sa hannu kawai. Ba faɗa ya yi ba, kun san shi, da sanyi yake magana har ka rasa inda za ka kama. Ya ce, Rabi, ki tuna da yarinyar nan da surukanta, ki tuna ni nake shiga gaban mutane idan Liman ba ya nan. Kawunku ya ce wace irin mace ce za ta je tana rantsuwa wai ita ta ƙirƙiro rawa a wannan zamani. Babban yayanku kuwa sai ya daina cin abinci a gida. Hajiya kaɗai ce ta tambaye ni abin da ba wanda ya tambaya.

"To taki ce ko ba taki ba ce?"

"Tawa ce, Hajiya."

"Af. To ni ban san boko ba, amma na san sa hannu rantsuwa ce."

Ta koma kan carbinta ta bar ni da ita. Sau uku ina ɗaukar biro. Ina tsaye gaban allo sai in manta abin da nake koyarwa. Idan na ji babur ya tsaya a ƙofar gida, sai in ce fostar ce ta fito. Na zuba sukari a miya ranar Talata, kuka ci kuka yi shiru don kun ga idona. Abin da ya fi damuna shi ne, idan na sa hannu na tsira, amma duk gidan da aka kalli fim ɗin nan a Mai'adua za a yi dariyar tafiyar Hansatu, ita kuma za ta gane, ko da ba wanda ya gane.

Wani malami abokin aikina ne ya gaya mini akwai ofishi a Kano da ake yi wa rubutu da wasanni rajistar haƙƙin mallaka. Na roƙi mahaifinku izini ina jiran ya hana. Sai ya ce zai raka ni, ba don ya yarda ba, don kada a ce matarsa ta shiga Kano ita kaɗai a kan maganar rawa. Muka shiga motar safe. Da muka wuce Kazaure ya sayi gyaɗa ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba.

Ma'aikacin da muka samu mutum ne mai haƙuri. Ya saurare ni har na gama, da kuka da komai. Sannan ya yi mini bayani a hankali kamar yadda nake yi wa 'yan aji uku. Ya ce haƙƙin wasa ko rawa ba ofishinsu ne ke ba mutum ba. Tun ranar da mutum ya ƙirƙiri abinsa ya sa shi a takarda ko a kaset, ya zama nasa. Rajista shaida ce kawai da ake ajiyewa don ranar musu. Ya ce tsarin rawa ma ana yi masa, muddin an zana takun ko an ɗauke shi a hoto.

"Kin taɓa rubuta shi, Malama?"

"Na rubuta."

"Madalla. Ina littafin?"

Mahaifinku ya juyo ya dube ni, don shi ma bai sani ba sai ranar. Na ce na ƙona shi. Ma'aikacin ya tambaya ko gobara aka yi, na ce a'a, da hannuna, a ƙarƙashin tukunyar wake. Ban taɓa jin na raina kaina kamar a kujerar nan ba. Sai na tuna da jakar Alƙur'anina, wadda ba na tafiya ba tare da ita ba. Na zaro shafin nan guda, ya yi laushi saboda ninki. A gaba Bisimilla ce da sunan wasan da sunana. A baya kuma, abin da ni kaina na manta, zanen farko ne na layin: ƙafafun yara goma sha biyu, shuɗi da ja, ta bakwai na kewaye ta na rubuta harafin farko na sunan Hansatu a kai.

Ya ce wannan ya fi babu nesa ba kusa ba. Ya ba ni fom, ya ce in sake rubuta wasan da zanen takun duka daga ka, in haɗa da shafin nan. Amma ya gaya mini gaskiya: takardar shaida ba za ta fito cikin kwana tara ba, kuma ko ta fito, mutumin zai iya cewa gaɗar gargajiya na zana. Abin da zai fi sauri shi ne sulhu a gaban manya, da wani wanda zai iya shaida daga ina takun nan ya fito. A fom ɗin akwai wani layi da aka ce a rubuta sunan duk wanda ya yi tarayya a ƙirƙirar aikin. Na tsaya a kansa da biro na ɗan lokaci, sannan na tsallake shi.

Da muka dawo aka roƙi mai unguwa ya sa ranar zama da Alhaji Sabo. Kwana uku na yi ina rubutu, hannuna ya tuna abin da na zaci wuta ta cinye. Ran na huɗu na hau motar Mai'adua. Na sami Hansatu tana shanya gero a tsakar gida, da goyo a bayanta. Ta yi ta murna, ta rasa inda za ta ajiye ni, ta dama mini fura da hannunta. Na ba ta labarin duka, har da ɗan barkwancin. Na zo ne in roƙe ta ta yi mini shaida, amma da na dubi gidan nan, da labulen ƙofarta, da yarinyar da ke barci a bayanta, sai bakina ya ƙi. Na ce dai na zo ne ta sani, kada ta gani a wani wuri ta zaci ni na sayar da ita. Ta tambaye ni yaushe za a zauna, na ce ranar Alhamis da hantsi a zauren gidanmu. Ashe ƙanwar mijinta tana ɗaki tana ji. Kafin in kai bakin titi an aiko yaro ya tsayar da ni da saƙon maigidan: a gaida Malama, amma matarsa ba ta taɓa rawa ba, kuma kada a sake kawo masa wannan zance gida.

Ranar Alhamis aka shimfiɗa tabarmi a zaure. Mai unguwa ya zo, da mahaifinku, da kawunku, da Alhaji Sabo da wani abokin sana'arsa. Ni ina daga bayan ƙofar cikin gida, a kan kujera 'yar tsugunno, takardar nan mai layi uku tana cikin hijabina tare da biro. Ba zan ɓoye muku ba, na riga na yanke cewa idan magana ta ƙi, zan sa hannu. Aka miƙa shafina da sabon rubutuna, suka zagaya hannu zuwa hannu. Abokin Alhaji Sabo ya yi dariya ya ce shi a garinsu ma 'yan mata suna irin wannan gaɗar, kowa zai iya zana ƙafafu da jan biro. Mai unguwa ya yi gyaran murya ya ce, to Malama, ko akwai wata shaida? Na fara laluben biro.

Sai muka ji babur ya tsaya, aka yi sallama da muryar mace. Kun san zaurenmu, ba wata hanyar shiga gidan sai ta cikinsa. Mazan suka janye ƙafafunsu suka sunkuyar da kai kamar yadda aka saba idan mace za ta wuce. Hansatu ce, cikin dogon hijabi ruwan toka, da goyonta. Ba ta yi rawa ba, ina so ku ji wannan da kyau, domin a nan ne masu ba ku labari suka yi ƙarya. Tafiya kawai ta yi daga ƙofar waje zuwa ƙofar ciki, taku bakwai ko takwas. Ta taka dama, ta jawo hagu a ƙasa, kafaɗarta ta sauka, ta ɗago. Wanda ya sunkuyar da kai ƙafa yake gani. Ta cikin tsagar ƙofa na ga Alhaji Sabo ya bi ƙafar nan da ido, na ga lokacin da ya gane, don hannunsa da ke wasa da makullin mota ya tsaya cak.

Ta shigo ta tsaya kusa da ni a bayan ƙofa, tana haki. Ta gaida su ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce:

"Alhaji, ni ce ta bakwai a layin. Haka nake tafiya tun ina shekara huɗu. Malama ce ta sa mutum goma sha ɗaya suka koyi tafiyata don kada a gane ni a cikinsu. Ranar nan kaɗai ce a rayuwata na shiga taro ba wanda ya kalli ƙafata. An ce a fim ɗinka akwai mai kwaikwayona ana dariya. Shi ke nan abin da na zo faɗa."

Can Alhaji Sabo ya ce innalillahi, ya maimaita. Ya ce wallahi shi ya zaci salo ne. Abokinsa ya fara wata magana, ya ɗaga masa hannu. A gaban mai unguwa ya yi alkawarin cire rawar gaba ɗaya da sake buga fosta, kuma ya cika, ko da yake na ji an ce abin ya ja masa asara da jinkiri. Ban taɓa riƙe shi da mugunta ba. Ya nemi a ba shi takardarsa mai layi uku, na miƙa ta ta ƙasan ƙofa, ya yaga ta da kansa.

Na rungume Hansatu ina kuka, ita kuwa ko ruwa ba ta tsaya sha ba. Ta ce ta gaya wa maigidanta za ta kai yarinya asibiti ne a Daura, kuma dole ta je asibitin don kada maganarta ta zama ƙarya. Ta gyara goyonta ta fita ta zauren nan dai.

Kafin la'asar labari ya riga ta isa Mai'adua, kuma ya isa a karkace. Mijinta bai sake ta ba, amma ya yi rantsuwa ba za ta ƙara taka gidana ba, ni ma ba zan taka nasa ba. A nan Daura aka ce na kai matar mutane gaban 'yan fim ta yi musu rawa. Shugabar makaranta ta karɓe shirin ranar kyaututtuka daga hannuna ba tare da ta faɗi dalili ba. Mahaifinku ya ɗan ja baya daga shiga gaba a masallaci na wasu watanni, bai taɓa yi mini gori a kai ba har ya koma ga Allah. Auren Sadiya an ɗaura, sai dai mutum biyu daga dangin ango ba su zo ba. Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ban warke daga gare shi ba shi ne, tun daga ranar nan sau ɗaya na ƙara ganin Hansatu, a wani gidan rasuwa, tana can gefe cikin dangin mijinta. Ta dube ni ta sa hannu a ƙirji, na sa nawa. Ba mu yi magana ba.

Takardar shaidar ta iso bayan wata da watanni, da hatimi da komai, sunana ni kaɗai a kanta. Na daɗe ina gaya wa kaina na tsallake layin nan ne don in kare ta daga mijinta. Akwai gaskiya a ciki. Amma akwai kuma tsoro, irin wanda ya sa ni tura littafi a murhu ba wanda ya ce in tura. Ita da take da abin rasawa fiye da ni ta hau babur ta zo.

Bara Hansatu ta rasu. Bayan an yi arba'in wata matashiya ta yi sallama a gidan nan, ta ce ita ce goyon da aka shigo da shi ranar. Ta zauna a inda uwarta ta tsaya, ta yi ta murza bakin mayafinta, sannan ta ce tun tana ƙarama take jin ana yi musu gori, tana so ta ji daga bakina.

"Malama, da gaske ne Ummata ta taɓa yin rawa?"

"Ummarki tafiyarta kawai ta yi," na ce mata. "Mu ne muka bi ta."

Takardar tana cikin jakar Alƙur'anina tare da shafin nan guda. Da yarinyar ta tafi na ɗauko jan biro na rubuta sunan Hansatu cikakke a saman nawa. Na san ofishi ba zai karɓi gyaran hannu ba, kuma idona ya sa rubutun ya ɗan karkata. Idan na rasu kada ku raba ta da kayan gado. Aminu, kai da ka yi dambe a kanta, kai za ka kai ta Mai'adua ka ba 'yarta hannu da hannu.